Yadda Gidan Fatoma Ya Koma Otal

Har yau in na ji an ce “yawon buɗe ido” a rediyo sai na murɗe tasha. Mai karanta labarai bai yi mini laifin komai ba. Maganar ce ta fita raina, domin da ita ƙanena ya dawo gida bayan korona, kuma da ita ya raba gidanmu da sana'ar da ta ciyar da mu tun muna yara, har da shi da yake ganin ya fi ƙarfinta.

Gidanmu yana cikin garin Kafanchan, ba nisa da kasuwa, kuma tun kafin a haife ni gidan fatoma ne. 'Yan kasuwa suna zuwa daga Kano da Sakkwato, wasu har daga Nijar, su sayi citta. In baƙo ya zo sai ya sauka a wurinmu. Ba a karɓar kuɗin ɗaki, ba a karɓar kuɗin tuwo, ko da zai yi wata. Mai gida shi ya san manoma, ya san wanda cittarsa ta bushe ƙarau da wanda yake yayyafa mata ruwa da asuba don ta yi nauyi. Shi zai haɗa su da baƙo, ya tsaya a kan awo, ya ajiye kaya a sito har mota ta samu. In ciniki ya faɗa a ba shi la'ada, abincin gidan ke nan. Ɗakin da tuwon kuwa su suke ɗaure baƙo. Mutumin da ya kwana a gidanka kyauta, ya sa hannu a kwanonka, ba ya tsallake ka ya kai cinikinsa wurin wani, kunya ba za ta bar shi ba. Babu takarda, babu rantsuwa, haka kowa ya taso ya gani.

Mahaifinmu ya yi wannan aiki tun jirgin ƙasa yana cika garin nan da mutane. Da mijina ya rasu na dawo gida da 'ya'yana, na tarar ƙafa ta fara gagarar Baba, sai na zama ni ce ƙafarsa. Da farko girki kawai nake yi, daga baya na koma tsayawa a bakin sikeli, kuma da ya rasu ban ga dalilin rufe ƙofa ba. An yi ta surutu wai mace ba ta fatoma. Na bar su da surutunsu. Manoman kuwa, da yawansu mata ne, sun ma fi sakewa da ni. Akwai wata daga wajen Kachia, Kirista ce, doguwa mai ƙarfi, wadda tun tana bin uwarta take kawo citta gidanmu. Mun saba har ta zama ƙawa, in ta shigo gari a ɗakina take ajiye jakarta.

A cikin baƙinmu akwai wanda shi ne gaba, wani dattijo daga Kano da kowa yake ce wa Alhaji. Abokin Baba ne, ya san ni tun ina tallar gyaɗa. Ba shi ya fi kowa kuɗi ba, amma shi ake kallo. Yawancin masu sauka a wurinmu ko waɗanda ya koya wa kasuwa ne, ko surukansa, ko waɗanda suka ji labarinmu daga bakinsa. Inda ya sauka nan suke sauka. Na san wannan sarai, kuma duk wani fatoma a garin ya sani: muddin Alhaji yana sauka a gidanmu, sana'ar gidan tana nan da ranta.

Korona a wurinmu ta riske shi. Ya zo kwashe ragowar cittar rani, aka wayi gari an rufe hanya, ba shiga ba fita, kasuwa ma sai ranar da aka ga dama. Shi da wasu baƙi suka maƙale. Ba zan iya tuna tsawon kullen ba, na dai san masara ta ƙare mun koma acca, acca ta ƙare mun koma rogo. Azumi a nan ya same su. Suna salla a tsakar gida tunda an hana masallaci, da la'asar Alhaji ya zauna a zaure yana tsince tsakuwa daga citta, don hannunsa bai saba zama haka kawai ba. Ko sau ɗaya bai ce mini ga wannan ki yi cefane ba, kuma da ya faɗa da na ji ciwo, don ya zama ya raina gidan ke nan. Da aka buɗe hanya ya tafi. Ba a daɗe ba sai ga mota ta sauke mana gero da wake da man gyaɗa, direban ya ce daga Kano ne, bai ƙara komai ba.

Shi kuma ƙanen nawa a lokacin yana Abuja, yana aiki a wani babban otal, irin wanda ake buɗe maka ƙofa kamar ba ka da hannu. Korona ta kwashe musu baƙi, aka sallame su. Ya dawo da mata da yara da akwatuna da takalma masu tsini, na share masa ɗakuna na ce sannu da zuwa. Ni na goya shi, ba zan ce ban ji tausayinsa ba. Da farko shiru yake, ya wuni yana latsa waya, in ka yi masa magana sai ka maimaita. Sai aka kira wani taron bita a Kaduna kan yadda za a farfaɗo da kasuwanci da yawon buɗe ido bayan annoba. Ban san wanda ya sa shi a ciki ba, amma ko waye ban yafe masa ba. Ya dawo da hula da jakar rataye da aka raba musu, da baki wanda ba ya rufuwa.

“Yaya, duniya ta gaji da zaman ɗaki,” in ji shi. “Da an saki mutane za su fito kamar fari. Mu kuma muna zaune a kan arziki ba mu sani ba. Ga ruwan Matsirga, ga dutsen Kagoro, ga tsohuwar tashar jirgi. Turawa kuɗi suke biya su ga irin wannan.”

“Su Turawan ta ina za su biyo?” na ce. “Ta hanyar da direbobi suke addu'a kafin su hau?”

“Za a gyara. An faɗa mana a taron.”

Duk abin da na tambaya amsar ke nan. Hanya za a gyara, tsaro zai samu, wuta za ta tsaya, jirgi zai dawo. Tun ina da ƙuruciya nake jin jirgi zai dawo, ga shi awaki ne suke kwana a kan layin dogo, amma wai an faɗa musu a taron.

Don ya rufe mini baki, wata Asabar ya ari motar abokinsa ya kai ni Matsirga. Gaskiya wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwa yana zubowa daga saman dutse fari fat, sanyinsa yana bugun fuska, ƙararsa ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. Rabona da wurin tun muna 'yan makaranta. Amma ranar daga mu sai wata mata da ke wanki can ƙasa. Ban ga rumfa ba, ban ga wurin zama ba, ko mai sayar da ruwan leda ban gani ba. Wajen sauka ma sai da na cire takalmi na riƙe a hannu. Shi kuwa ya tsaya ya ware hannuwa yana nuna mini inda za a yi wurin cin abinci da inda motoci za su tsaya, kamar gonarsa ce. Na ce masa mu tafi, na bar wake a wuta.

Da abin ya tsaya a surutu da ban damu ba. Korona ta lafa, baƙinmu suka dawo, Alhaji a gaba, sito ya sake cika, muka ɗan miƙe. Ni a wurina farfaɗowa ke nan, ba sai an kira taro ba. Ƙanena yana ci daga tukunyar, yana yamutsa fuska in ya ga buhuna a zaure, yana cewa warin citta ya kama masa tufafi. Sai Allah ya kawo wata jarrabawar, cuta ta faɗa wa citta. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, in an tona sai a tarar ta ruɓe tana wari. Ƙawata ta zo hannu sake, ta zauna a ƙofar ɗakina ta ce, “Hajiya, gona duka ya mutu. Ko iri ban samu ba. Mun yi addu'a a coci har mun gaji.” Baƙi suka daina zuwa, to me za su zo saya? Alhaji yakan bugo waya ya yi jaje, ya ce Allah ya kawo sauƙi. Sito ya koma gidan ɓeraye. Wannan duk gaskiya ne, kuma ƙanena bai ƙara gishiri ba da ya tara 'yan'uwa ya ce gidan yana cin kansa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ya faɗa. Ya ce shekara da shekaru muna ciyar da ƙarti kyauta, muna ba su ɗaki kyauta, wai babu makarantar da ake koyar da irin wannan kasuwanci. Ƙarti! Mutanen da la'adarsu ta kai shi makarantar da yake tinƙaho da ita, waɗanda yana ƙarami yake zama a gefensu suna ɗora masa nama a kan lomarsa. Na ce a yi haƙuri, citta za ta dawo. Aka ce yaushe? Na ce sanin gaibu sai Allah. 'Yan'uwan nan duk sun watse, wannan yana Jos wancan yana Kaduna, babu wanda matarsa ta taɓa tuƙa tuwon baƙi ko na rana ɗaya, amma kowa yana da baki a gado. Su maza ne, rabonsu ya fi nawa, shi kuma ya zo da ɗan kuɗin sallamarsa daga aiki a hannu da alkawarin kowa zai samu rabonsa duk ƙarshen wata. Aka ba shi wuƙa da nama ya mayar da gidan otal. Ni aka ce in ci gaba da zama a sashen baya, in baƙin otal sun so abinci ni zan dafa. Wai an yi mini gata.

Sai magina suka shigo. Zauren da Baba yake zama aka lafta masa tayil mai santsi, aka kafa kanta ta karɓar baƙi, aka rataya agoguna, ɗaya wai yana nuna lokacin Landan. Sito aka mayar da shi ɗakin taro. Sikeli aka tura can baya kusa da murhu, kaji suna hawa. Ɗakunan baƙi, waɗanda tun da nake ban taɓa ganin an kulle su ba sai dai labule, aka sa musu ƙofofin ƙarfe da lamba da makulli. A bakin titi aka kafa allo da hoton ruwan Matsirga. Mai zanen ya ƙara wa ruwan tsawo, ya sa bakan gizo, har da wata Baturiya mai faffaɗar hula tana dariya. Ita ce Baturiyar da na taɓa gani a ƙofar gidan nan, ba ta da ta biyu. Ranar buɗewa aka yanka rago, aka kira maƙwabta, ni na dafa.

Masu yawon buɗe idon da aka yi mana alkawari dai ba su zo ba. Waɗanda suke zuwa su ne masu bautar ƙasa, su cunkushe a ɗaki ɗaya suna roƙon ragi, sai 'yan biki, sai masu zuwa jana'iza daga Abuja da ba sa son kwana a ƙauye. Lokacin bikin sabuwar shekara a Kagoro ɗakuna sukan cika na 'yan kwanaki, sai ƙanena ya yi ta zagaye yana kaɗa makullai yana kallona ta gefen ido. Sauran shekara janareto yana shan mai don mutum ɗaya ya kalli ƙwallo. Da wata salla ya ɗauki hayar bas wai zai zagaya da baƙi su ga ruwa da dutse, ya yi ta shela a waya. Da ranar ta zo dangin matarsa ne da maƙwabta suka cika motar, kuma babu wanda ya biya. Wannan kyautar ba ta dame shi ba, ya ce talla ce.

Sannan akwai masu zuwa da rana tsaka su biyu, namiji ya shiga gaba, mace ta biyo baya tana kare fuska da gyale, kafin la'asar sun fita. A gidan Baba! Da na yi magana ya ce otal ba ya tambayar shaidar aure. Tun daga ranar na daina bi ta zaure, na koma fita ta ƙofar baya kamar 'yar haya. Muna gida ɗaya amma gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don idon yara. Na tsani allon nan, na tsani ƙarar makullan nan, kuma akwai ranakun da ko tarinsa na ji daga zaure sai raina ya ɓaci.

Citta kuwa ta dawo, sai dai a hankali. Manoma suka nemo iri daga nesa da tsada, suka sauya gonaki, kowa ya shuka ɗan abin da zai iya. Ba ta da yawa, kuma don ba ta da yawa ta yi daraja. Wata safiya da kaka ƙawata ta shigo ta ƙofar baya tana dariya, ta kwance bakin zane ta zube mini citta a cinya, tsagagga, busasshiya, yajinta har cikin ido.

“Ka gani? Ubangiji ya ji kukan mu,” in ji ta. “Bai yi yawa ba, amma mai kyau ne. Ka kira Alhaji, ni ba na so in kai ma wani.”

Na kira shi a take. Ya yi hamdala, ya ce zai zo da kansa ranar Laraba ya ga abin da ake ciki, in ya ga da dama sai mutanensa su biyo baya. Na ce masa an yi wa gidan gyara, zai ga canji. Ya ce ai gyara alheri ne.

Na haɗiye fushina na je wurin ƙanena. Ban taɓa roƙonsa komai ba sai ranar. Na ce ɗaki ɗaya nake so na 'yan kwanaki, kuma kada a yi wa Alhaji maganar kuɗi. In ya sauka ciniki ya faɗa, mutanensa za su dawo, la'ada za ta dawo. Sikeli yana nan, ko a tsakar gida zan yi awo. Shi ma babu abin da zai rage shi, ɗakunan ai a kulle suke kwana.

“Yaya, ba ki gane tsarin ba,” in ji shi. “In aka fara kyauta ba a dainawa. Gobe zai zo da mota guda. Amma Alhaji babanmu ne, zan yi masa ragi mai kyau.”

“Ba ragi na ce ba. Cewa na yi kada ka buɗe baki.”

“To, za a duba.”

“Ka ce mini ka yarda.”

“Na ce za a duba, Yaya.”

Na san dubawarsa. Sai na ƙudura ranar Laraba zan tsaya a ƙofa da kaina, in tare Alhaji kafin ya kai kanta, in ya so ni in biya ɗakin a ɓoye. Kullum bayan azahar yake isowa, haka na sani. Ashe wannan karon ya kwana a Kaduna wurin 'yarsa, ya shigo motar safe. Ya iso da hantsi, ina kasuwa ina cinikin zabin da zan yi masa miya.

Ranar ta zaure na shigo, zabi a hannuna suna fisge-fisge. Takalmansa na fara gani a bakin ƙofa. Ya cire su kamar yadda ya saba cirewa a zauren Baba, yana tsaye ƙafa a ƙasa a kan tayil, jakarsa a gefe. Ya tsufa fiye da yadda na san shi. Ƙanena yana bayan kanta, ya gaishe shi da ladabi har da rusunawa, wannan ba zan ɗauke masa ba. Makulli yana kan kanta tsakaninsu. Kuma da kunnena na ji yana cewa, “Asalin kuɗin ɗakin kaza ne, Alhaji, amma ku na gida ne, rabi za ku bayar.”

Na ce “Kai!” da ƙarfi har zabin suka firgita. “Alhaji, kada ku saurare shi. Ɗakinku ne. Ba ya cikin hankalinsa.”

Alhaji ya juyo ya dube ni, ya dubi agogunan bango, ya dubi makullin. Bai ɗaga murya ba, dama ban taɓa jin ya ɗaga ba. Ya ce, “A'a 'yata, bar shi. Yana kan aikinsa.” Ya sa hannu a aljihu. Ƙanena ya sake cewa rabi kawai. Alhaji ya ce, “In otal ne a biya shi yadda yake. Ni ban zo neman ragi ba.” Ya ajiye kuɗin cikakku, ya ɗauki makulli, ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. Sai ya koma bakin ƙofa ya sa takalmansa, sannan ya taka zauren da su ya wuce ciki.

Ina ganin ya sa takalman nan na san ya daina ɗaukar nan gida. Ƙanena bai ga komai ba. Ya biyo ni har bakin murhu, fuskarsa fal murna.

“Kin gani ko, Yaya? Ko ciniki bai yi ba. Mutanen nan suna da kuɗi, ke ce kika ɓata su.”

Wallahi da muciya ce a hannuna da na kwaɗa masa. Na ce ya ɓace mini da gani. Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa ɗan'uwa ba, na tuna masa wanda ya saya masa takalmin makaranta na farko, har matarsa ta fito ta ja shi. Ban janye ko ɗaya ba.

Duk da haka ban cire rai ba. Na ce wa kaina ɗaki ya tafi amma tuwo yana nan, shi kuwa ba a hannun ƙanena yake ba. In Alhaji ya ci tuwona a daren nan, rabin abin ya gyaru. Na fige zabi, na tuƙa tuwon acca mai laushi saboda haƙoransa, na zuba man shanu a miya ban ji asara ba. Bayan magariba na ɗauka na kai, na tarar da ƙofa a kulle, ya tafi masallaci. Na koma bayan isha'i, tana nan a kulle. Da a ce labule ne da na shiga na ajiye masa kamar kullum, ya dawo ya tarar. Na dawo da kwanuka na ajiye kusa da murhu, ni ma ban iya ci ba.

Washegari da sassafe na dama koko na soya ƙosai, na je na ƙwanƙwasa. Ni ce da ƙwanƙwasa ƙofa a gidan ubana. Ya buɗe, ya riga ya shirya, jakarsa a rufe a kan gado. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye faranti, na fara ba shi haƙuri. Ya ce ba a yi masa komai ba, zamani ne, kowa da yadda yake neman abincinsa. Ya yi wa Baba addu'a doguwa. Na ce manomiyar nan ta Kachia tana hanya da kayanta, sikeli na wanke shi, yana tsakar gida.

Sai ya ce jiya a masallaci ya haɗu da wani fatoma na bayan kasuwa. Na san mutumin, shekaru ya yi yana zagayen Alhaji bai samu fuska ba. Ya tambaye shi ina ya sauka, Alhaji ya ce otal. Mutumin ya ce subhanallahi, dattijo kamarku a otal kamar wanda ba shi da kowa a gari? Ya riƙe masa hannu har gidansa.

“Na ci tuwonsa, 'yata,” in ji Alhaji. “Kin san abin da ke nan.”

Na sani. Ya zauna a bakin gado ya sha kokon, don bai iya mayar da abinci ba, ya ci ƙosai kaɗan. Da ya gama ya goge bakinsa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Nawa ne karin kumallon?”

Na ce, “Alhaji, don Allah.”

“Ba zan ci kyauta a nan in kai ciniki can ba. Ki karɓa, ki sauke mini nauyi.”

Ban miƙa hannu ba. Ya ajiye a gefen faranti, ya ɗauki jakarsa. Ina durƙushe na ji ya tsaya a kanta ya mayar da makulli, na ji muryar ƙanena yana cewa Allah ya kiyaye, sai sun sake zuwa.

Da hantsi ƙawata ta iso da buhunanta a bayan akori-kura. Ta leƙo ta ƙofar baya, ta ga sikeli a wanke, ta ga fuskata.

“Ina Alhaji?”

Na gaya mata inda yake.

Ta waiwaya ta dubi motar, direba yana ta danna mata hon. Ta ce, “Hajiya, ka yi haƙuri. Yara na suna gida, an kore su daga makaranta. Inda mai saye yake, can ne zan kai.”

Na ce ta je, da ni ce ma haka zan yi. Ta riƙe hannuna ta saki, ta hau, motar ta juya.

Ba a jima ba mutanen Alhaji suka fara isowa gari. Ta ƙofar gidanmu suke wucewa zuwa bayan kasuwa, wasu har sukan ɗaga mini hannu in sun gan ni, ni ma in ɗaga musu. A kakar nan ko buhu ɗaya ba a auna a gidanmu ba, kuma ba a sake aunawa ba har yau.